Mijina, Kwandala da Murar Maciji

Kwana biyu ke nan hankalina ba ya jikina. Jiya gishiri na zuba wa mijina a shayi, ya shanye bai ce uffan ba, wannan kaɗai ya isa ku san gidanmu ba lafiya. Ni ba mai dogon karatu ba ce, in rubutun ya karkace ku yi haƙuri ku bi ni a hankali. Shawara nake nema, kuma kafin Asabar nake son ta.

'Yata ɗaya ce, Kinanti. Tana Surabaya tana ƙarasa koyon aikin gwajin jini. Wuri biyu ke neman ta in ta gama. Akwai wani ƙaramin asibiti nan Salatiga, garinmu a tsibirin Java, wanda in na tsaya a ƙofar gida ina hango rufinsa, akwai kuma wani babba can Batam, inda sai an hau jirgin sama. Ba sai na faɗa muku wanda nake so ba.

To Kinanti tana da maciji. Ɗan mesa ne, irin wanda ba ya girma can, ba shi da dafi. In ya ji tsoro sai ya dunƙule ya cusa kansa a tsakiya, shi ya sa ta sa masa suna Onde, kamar 'yar ƙwallon fulawar nan mai riɗi da ake soyawa a kasuwa. Ɗakin kwanan ɗalibai ba a yarda da shi ba, ta bar mini shi a ɗakinta na gida, a cikin akwatinsa na gilashi.

Ranar da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Bu, sanyin garin nan ne kawai ke damuna. In Onde ya wuce daminar nan lafiya, na dawo gida ke nan. In bai iya ba, Batam akwai zafi, can za mu tafi ni da shi."

Ta nuna mini wani faifai na lantarki a ƙarƙashin akwatin, wanda ke ɗumama masa makwanci. Sai ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

"Kuma don Allah, kada ki bar Bapak ya taɓa shi."

Bapak ɗin shi ne ubanta, mijina, Pak Warsito, ni kuma Bu Warsito, don a nan Pak ake ce wa magidanci, Bu kuma matar aure. Tikiti yake sayarwa a tashar mota kafin ya yi ritaya, amma tun da ya dawo gida babu cutar da bai sani ba. Gwanintarsa kankarar baya. Kun san in iska ta shiga jikin mutum, sanyi ya ratsa shi, kai ya yi nauyi, man zafi ake shafa masa a baya a kankare da gefen kwandala har jajayen layuka su fito. Kowace uwa ta iya. Amma shi yana da wata tsohuwar kwandala da ya gada, kuma a faɗarsa ya taɓa kankare wa wani direba baya, direban ya tashi ya ja mota har Jakarta bai tsaya ba. Bara Jakarta ce. Bana na ji ya ce wa mai aski har Sumatra.

Abu na biyu da yake ƙauna shi ne tsuntsunsa mai waƙa, Janar. Kinanti na tafiya ya mai da kejin ɗakinta, wai nan ne babu hayaniya, ya kunna masa wata 'yar sifika tana rera kukan tsuntsayen da suka ci gasar waƙa daga safe har yamma don Janar ya koya. Janar har yau bai koyi komai ba. Ni ce na haddace.

Ni kuwa tsoron maciji nake tun ina yarinya. Amma saboda Kinanti nake ciro ɓera daga firiza, in jiƙa shi a ruwan ɗumi, in miƙa da dogon awartaki ina kau da kai ina salati. Haka muke tafiya lafiya, ni da Onde, kowa ya san iyakarsa.

Da ruwa ya kankama sai ya ƙi ci. Na ce ko ƙoshi ne. Sai na fara ganin yana ɗaga kai sama, baki a buɗe, kamar mai kallon jirgi. Wata safiya da sifikar ta yi shiru na ji wani ɗan fito siriri yana fita daga akwatin. Na matsa. Kumfa ce a gefen bakinsa da hancinsa.

Na ce, "Pak, zo ka ga. Mu kai shi wurin likitar dabbobi."

Ya ce, "Likita? Bu, shekara da shekaru kina wanke wa likita kaya, ba ki sani ba?"

Ya kara kunne a gilashi, ya rufe ido, ya gyaɗa kai.

"Iska ce ta shige shi."

"Pak, maciji ne fa."

"To shi ya fi kowa. Tun da aka haife shi da ciki yake jan ƙasa. Ke kwanta rub da ciki a siminti yini ɗaya ki gani."

"Kinanti ta ce kada ka taɓa shi."

"Ta ce kada in taɓa shi yana lafiya. Ta yi maganar rashin lafiya? Ba ta yi ba." Ya miƙe, idonsa na wani ƙyalli da na sani, kuma ba na so. "Ki duba, Bu. Samarin yanzu daga mai maciji sai mai ƙadangare. Wa ke kankare musu baya? Babu kowa, duk faɗin Java. In na warkar da wannan, barandar gidan nan ta zama asibiti. Za ki riƙa ba su lamba suna bin layi."

"Ni ba na son layin macizai a barandata."

"A kwando za su zo."

Ya shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ya ɗauko kwalbar man zafi da kwandalarsa, ya naɗe hannun riga. Ya fito da Onde ya ajiye. Onde ya dube shi sau ɗaya ya dunƙule.

Tagarmu tana kallon ta Bu Darmi, maƙwabciyarmu mai soya rogo da ayaba. Babu abin da ake yi a gidanmu ba ta sa hannu ba, ko da da ido ne. Ta leƙo da matsami a hannu.

"Pak Warsito, ina bayan yake?"

"Maciji duk baya ne, Bu Darmi. Shi ya sa aikin ba na kowa ba ne."

"To ina ƙirjin?"

"Rogonki na ƙonewa."

"Na sauke."

Ya zagaya ƙwallon ta dama, ya zagaya ta hagu. Ya ce, "Miƙe, ɗan nan, ba zafi." Onde ya ƙara matsewa. Sai mijina, mutum mai furfura, ya kwanta rub da ciki a kan tabarma kusa da shi, ya miƙe sambal, hannuwa a gefe.

"Ka ga? Haka ake yi."

Bu Darmi ta ce, "Bu Warsito, wai wa ke koya wa wani?"

Ya tashi da fushi, ya tsiyaya man a tafin hannu, da yawa, don a ga da gaske yake. Gumi ya gangaro masa. Ya sa hannun ya share ido.

Ban taɓa sanin mijina ya iya rawa ba sai ranar. Kwandala ta gangara ƙarƙashin durowa, ya bi ta da ido ɗaya, ya cusa kai, ya ɗago kafin lokaci. Ƙarar da na ji, har Janar sai da ya yi kuka, karo na farko a watan. Man bai taɓa Onde ba ko ɗigo, na gode wa Allah. Da ido ɗaya da ƙulu a goshi ya mai da shi akwati, yana cewa, "Na gane matsalar. Iskar ta yi zurfi. Daga ciki za a bi ta."

Washegari ya dafa ruwan citta da sukarin kwakwa, ya zo da cokalin shayi. Onde da yake yini baki buɗe, yana ganin cokali ya rufe ruf.

"Kunya yake ji. Bu, juya baya."

Na juya. Na ji yana cewa, "Duba, ni ma ina sha," sannan na ji cokali ya faɗi. Bai tsaya ya huce ba. Yini ya yi yana magana kamar mai goro a baki.

Daga nan ya ce tari ne ya maƙale, in ya yi tari majinar za ta fita. Ya ja kujera gaban akwatin ya zauna yana yi wa maciji tari, ƙarami da babba, don ya kwaikwaya. Bu Darmi ta aiko da ganyen magani a leda, wai a ba Pak Warsito, tarin nan nasa ba ta son jin sa. Ƙarshe ya ɗauko tsohuwar safarsa ta ƙwallo, doguwa har gwiwa, ya ce rigar sanyi ce. Wannan kam Onde ya karɓa. Ya shige ciki ya ƙi fitowa.

"Kin gani? Ya fara amsa magani."

"Pak, fiton ya ƙaru."

"Iskar ce ke neman hanya."

Da yamma Kinanti ta kira. Ta ce in nuna mata Onde. Na nuna mata akwatin daga nesa, na ce yana barci. Ta ce, "Ki gaishe shi." Na kashe wayar, na zauna a bakin gado. Na yanke cewa Litinin da sassafe, ko mijina ya so ko ya ƙi, zan kai shi asibiti.

Ban san ya riga ya gayyaci unguwa ba.

Lahadi ranar aikin gayya ce. Maza suna yashe kwata saboda ruwa, suna tara laka a gefen hanya, mu mata muna kai abinci rumfar masu gadi. Na kai tukunyar shinkafa da zafinta, na lulluɓe da tawul, na ajiye a kan benci. Bu Darmi ta kawo soye-soyenta. Ina juyowa sai ga mijina da farar riga, ya rungumo kwando mai murfi, a kafaɗa ga zannuwana biyu, na fita unguwa. A bayansa mai gyaran babur na unguwarmu yana ɗauke da risho da madambacina.

"Pak, me ke cikin kwandon?"

"Majinyaci."

"Mai da shi gida."

"Bu, mutane na kallo."

Gaskiya suna kallo. Duk sun ajiye shebur. Mai unguwarmu, Pak Ngadiman, ya taho yana goge hannu. Shi ma ba baya ba ne wurin labari. Ya ce, "Ku bar shi ya yi. Ni da na yi aiki a dajin Kalimantan, irin waɗannan da su muke ɗaure kaya. Wani ma na taɓa yin filo da shi ban sani ba."

Mijina ya ajiye kwandon a kan benci, ya ɗaga murfin kaɗan ya nuna wa mutane safar tana motsi, ya mayar. Ya ɗora madambaci a risho, ya zuba citta, kanumfari, ganyen lemo, ya juye rabin kwalbar man zafi. Kafin ruwan ya tafasa sai ya hau jawabi. Ya yi bayanin iska mai shiga ta ƙafa da mai shiga ta wuya. Ya ce likitocin zamani allura kawai suka sani. Ya kawo labarin direban nan, wannan karon har da tsallaka teku. Bu Darmi ta ɗaga waya tana ɗaukar bidiyo.

Wani ya ce, "Pak, in ya warke ta yaya za mu sani?"

"Zai yi gyatsa."

"Maciji na gyatsa?"

"Wanda na yi wa magani yana yi."

Ruwa ya tafasa. Ya ɗauki kwandon, ya durƙusa gaban madambaci, ya ce a lulluɓe su da zannuwan, shi da majinyaci. Na riƙe gefen zanin na ce, "Pak, don girman Allah." Ya fizge. Aka rufe su.

Da farko muna jin muryarsa daga ciki. "Yanzu tururin na shiga. Shaƙa, ɗan nan. Yawwa." Sai atishawa. Sai wata. "Wannan ni ne, ba shi ba." Sai tari na gaske, ba irin na koyarwa ba. Zanin ya fara rawa.

Mai unguwa ya ce, "Pak Warsito, ya isa haka?"

"Saura kaɗan. Na ji ya yi sauƙi. Wallahi har kwandon ya rage nauyi."

Bu Darmi ta ce, "Iskar ce ta fita."

Da ya yaye zanin, fuskarsa kamar dafaffiyar ƙaguwa, idanu a rufe suna zubar da ruwa. Ya lalubi murfin ya buɗe, ya zura hannu, ya ɗaga safar sama don kowa ya gani.

"Jama'a, ga shi."

Safar tana lilo. A wurin babban yatsa akwai huda, wadda na sha ce masa ya kawo in ɗinke.

Mijina ya matsa safar daga sama har ƙasa, kamar mai tatsar hanji. Ya leƙa cikin kwandon da idon da ya fi buɗuwa.

Mai gyaran babur ya ce, "Ya narke?"

Daga nan ban san wa ya fara hawa benci ba. Mata sun tattare zani, maza sun ɗauki shebur suna duba ƙafafunsu. Ni ina ta cewa kada a doke shi, ba ya cizo, na 'yata ne. Mai unguwa ya ɗaga hannu.

"Ku natsu. Abin kunya ne manya da ku. Ɗan wannan abin? Ku zauna a ci abinci, in ya ji yunwa zai fito."

Ya zauna a bencin, ya ja tukunyar shinkafata gabansa, ya yaye tawul.

Onde na nan ya naɗe tukunyar, ya kwantar da kansa a kan murfi. Tun ana jawabi ya tura murfin kwando ya bi benci ya sami wuri. Ya ɗago ya dubi mai unguwa, ya yi masa ɗan fiton nan.

Mutumin Kalimantan ya zabura. Baya ya yi, shi da tawul ɗin, ya tsallake benci, ya sauka zaune cikin tulin lakar da aka kwashe da safe. Mijina ya ji ana cewa ga shi, ga shi, ya taho a guje ido rufe, zanina ya harɗe masa ƙafa, ya ture madambaci ruwan ya bi kwata, shi kuma ya tafi ya sami mai unguwa a inda yake. Da farar riga.

Bu Darmi ba ta sauke wayar ba. Ta ce, "Allah sarki, ɗumi yake nema. Bu Warsito, ba yana da abin ɗumi a gida ba? Kinanti ta nuna mini, wani faifai mai waya."

Na tsaya. Wani abu ya faɗo mini a rai.

Na ce, "Pak."

"Bu, miƙo mini hannu."

"Soket nawa ne a ɗakin Kinanti?"

Ya hau goge lakar hannunsa a wando.

Na ce, "Ɗaya ne. Ni nake share ɗakin. Sifikar Janar a ina take jone?"

Yana zaune a laka, ya share fuska, ya ƙara shafa mata baƙi. Ya ce, "Da rana ne kawai."

"Da dare kana mayarwa?"

"Da niyyar haka nake kwanciya."

"Tun yaushe?"

"Gasa ta kusa, Bu."

Mai unguwa ya juyo ya dube shi, laka na ɗiga daga kunnensa. "Wato kai ka sa masa ciwon, kai ne kuma likitan?"

Mai gyaran babur ya ce, "Haka asibiti ke samun ciniki."

Dariyar da aka yi, har masu wucewa a babur sai da suka tsaya. Ni ban yi ba. Ina kallon Onde, kumfa na fita a hancinsa, yana ɗaga kai yana neman numfashi. Ban nemi awartaki ba. Hannu na sa na warware shi daga tukunyar. Ashe ba shi da santsi, ashe jikinsa kamar jakar fata ce mai sanyi. Ya naɗe mini hannu, na lulluɓe shi da gyalena, na tsai da ɗan acaba. Sai da muka yi nisa ya tambayi abin da na riƙe. Na ce jikana ne.

Likitar, Dokta Yosefin, yarinya ce ba ta fi Kinanti da yawa ba, Allah ya sa tana buɗewa rabin yini ranar Lahadi. Ta buɗe masa baki da wani ɗan abu mai laushi, ta dangwalo majinar da auduga don gwaji, ta ɗauki hoton huhunsa. Muna cikin haka mijina ya iso, ya canza riga amma bai wanke bayan kunne ba.

Ta ce, "Ciwon huhu ne. In makwancinsu ya yi sanyi jikinsu ba ya iya faɗa da ƙwayoyin cuta."

Ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Kin ji? Sanyi. Me na ce tun farko?"

Ta dube shi. "Me kuka ba shi a gida?"

Na faɗa mata duka, ban rage ba. Da na zo wurin tari sai ta sunkuyar da kai tana gyara takardu, kafaɗunta na motsi. Ta ce maciji ba ya iya tari, halittarsa ce haka, shi ya sa majina ke taruwa har ta toshe shi. Da na zo wurin sirace ta daina dariya.

"Pak, da yana cikin kwandon nan, da gawa kuka kawo mini. Man zafi guba ne a wurinsa, tururin kuma dafa shi zai yi."

Ya ce, "Shi ya sa na bar huda a safar."

Ni ta yi wa bayani. Allura za a riƙa yi masa lokaci-lokaci har ya warke, a riƙa sa shi a wani akwati mai fesa magani kamar hazo, a ƙara masa ɗumi, a tsabtace makwancinsa. Ta ce an kawo shi a makare amma ba a makara duka ba.

Haka na yi ta zirga-zirga da shi a kan acaba, a cikin gyale. Janar ya koma baranda, sifikar tana cikin durowata a ƙarƙashin zannuwa. Mijina kuwa, in faɗi gaskiya, jikinsa ya yi sanyi. Safe da yamma sai ya shiga ɗakin ya duba filogi, ya taɓa gilashi da bayan hannu. A hanya yara na ganinsa sai su yi atishawa. Mai unguwa ya daina amsa masa sallama da baki, sai da kai.

Fiton ya ragu, ya ɗauke. Onde ya yi saɓa, ya fito yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Ya ci ɓeransa. Likita ta sake dubawa ta ce huhu ya washe. Duk wannan Kinanti ba ta san komai ba, kullum ce mata nake yana barci.

Shekaranjiya ta kira, na nuna mata shi da kyau, a hannuna ma. Tana kallo, sai na ga tana share ido.

"Bu, ke ce kika riƙe shi? Dubi yadda ya yi kyau. Ashe sanyin bai dame shi ba."

Na buɗe baki ke nan mijina ya karɓe wayar.

"Ai ni nake duba masa ɗumi, safe da yamma. Tambayi uwarki in ƙarya ne."

Ba ƙarya ba ne, abin haushin ke nan. Ta ce, "Bapak? Da gaske?" Ta yi dariya, ta ce ashe ta zalunce shi a ranta, ya yafe mata. Ya ce ya yafe. Sannan ta ce ta gama shawara, aikin Salatiga za ta karɓa, Asabar tana tafe. Na ji kamar in yi guɗa.

Sai ta ƙara da cewa wata ƙawarta za ta tafi ƙasar waje, tana da macizai biyu ba ta san inda za ta kai su ba. Da ta ce ba za ta iya ba, amma tunda gida ya karɓi Onde haka, za ta taho da su. Kuma tunda aikin asibiti ba ya barin mutum ya zauna, Bapak ne zai riƙa kula da su.

Tun daga lokacin nake zuba gishiri a shayi.

In na faɗa mata gaskiya, za ta san Onde ya kusa mutuwa, ta san ubanta ne sila, ta san kuma ni na yi ta ce mata yana barci. Kinanti ba ta faɗa, tattara kaya take yi, kuma mutanen Batam ba su rufe ƙofa ba tukuna. In na yi shiru, ga Bu Darmi da wayarta. Ta rantse mini ba ta tura wa kowa bidiyon ba sai ƙanwarta da matan majalisin karatu, kuma ta ce in Kinanti ta zo za ta kawo mata onde mai zafi su gaisa. Na roƙi mijina ya faɗa da bakinsa. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, majinyaci ya warke, ba a tambayar likita hanyar da ya bi.

Ɗazu na same shi a baranda yana goge kwandalar nan da toka. Ya ce ya tambayi Kinanti, sababbin sun fi Onde tsawo nesa ba kusa ba, kuma irinsu ba sa dunƙulewa.

"Waɗannan, Bu," ya ce, "suna da baya."

To 'yan uwa, ku da kuka fi ni karatu da natsuwa, ku ce mini wani abu. In tare ta a tasha in faɗa mata tun kafin ta sauke jaka, ko in bari ta ci abinci tukuna? Ko in yi shiru in sayi soket mai baki uku, in jefa kwandalar a rijiya, in roƙi Allah ya sa wayar Bu Darmi ta faɗa cikin man suya?